Tambaya da Amsa: Horar da Injin Babur ɗin Ruwa Bayan an Sake Haɗa Shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da babur ɗin ruwa, irin wanda aka fi sani da Jet Ski, mai inji mai bugu biyu da silinda biyu. Injin ya buga, sai na kai wa makaniki, ya yi wa silindojin bori, ya sa sababbin fistin da ringi da gaskit. Yanzu an gama haɗawa, amma shawarwari sun yi mini yawa. Wani ya ce in bar shi a sulo na awa guda a kan tirela, wani kuma ya ce in ba shi wuta tun ranar farko domin ringin su zauna da wuri. Wanne zan bi, kuma yaya zan yi da baƙin mai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu, domin kowacce tana iya mayar da kai wurin makaniki. Abin da sabon haɗi yake bukata shi ne ya yi zafi a hankali, sannan ya yi aiki a kan ruwa da nauyin da ke hawa yana sauka, ba tare da an kai shi ƙurewa ba.

Dalilin yana cikin silindar. Idan aka yi bori aka goge ta, ana barin wasu ƙananan zane masu giciye da juna a bangonta, waɗanda za ka gani da idonka idan ka haska fitila ciki, kuma da gangan ake barin su, saboda su ne suke riƙe baƙin mai, su ne kuma suke cin bakin ringi kaɗan kaɗan har ya daidaita da bangon. Abin da yake danna ringi a jikin bango da ƙarfi shi ne matsin iskar da ta ƙone, wadda take shiga bayan ringin ta tura shi waje. A sulo wannan matsin ba shi da yawa, don haka ringin sai ya yi ta shafar bangon kawai, mai ya ƙone ya cike zanen, bangon ya yi santsi yana ƙyalli, kuma daga nan da wuya ringin ya ƙara zama yadda ya kamata. Injin zai tashi, zai yi tafiya, amma ba zai taɓa ba da cikakken ƙarfinsa ba.

Ba shi wuta tun farko kuma haɗarinsa ya fi saurin bayyana. Fistin na alminiyum ne, yana kumbura da zafi da sauri fiye da bangon silinda, kuma a irin wannan abin hawa ruwan tafki ko na teku ne famfon tuƙi yake turowa kai tsaye ya sanyaya injin. Idan ka murɗe totur injin yana sanyi, fistin zai faɗaɗa alhali silindar tana nan a takure, sai ya cije a ciki. Makanikai suna gane wannan ɓarnar da zarar sun buɗe, domin sukan tarar da ƙujewa a wurare huɗu a jikin fistin, biyu a kowane gefe. Idan fistin ɗin da aka sa maka ƙirar bugu ne, wato an matse ƙarfen aka ƙera shi maimakon a narka a zuba, irin wanda kamfanin Wiseco ya yi suna a kai, to ya fi na zubi kumbura, kuma ya fi bukatar a jira shi ya ɗumama kowace rana, ba lokacin horo kaɗai ba, wato awannin farko bayan sabon haɗi.

Akwai abin da ba ka ambata ba a wasiƙarka, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci: me ya sa injin ya buga tun farko? Inji mai bugu biyu ba ya cika lalacewa haka kawai. Galibi fetur ne yake yi masa ƙaranci a cikin cakuɗarsa da iska, ko dai saboda kafireta ta toshe, ko saboda sil ɗin karanshaf ya mutu yana barin iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, ko kuma famfon baƙin mai ya daina turawa. Idan ba a gano dalilin an gyara ba, duk lallaɓawar da za ka yi wa sabon fistin ba za ta cece shi ba. Saboda haka ka tambayi makanikinka kai tsaye ko ya toshe mashigar iska da mafitar hayaƙi ya hura iska a cikin injin ya ga tana tsayawa ba ta zurarewa, ko ya kwance kafireta ya wanke ta ya canza robobinta da ƙananan matatanta, ko kuma ya fitar da iskar da ke cikin tiyon baƙin mai. Ƙananan tiyon da ke kai mai daga famfo zuwa inji sukan bushe su tsage da tsufa, kuma canza su aiki ne ƙarami. Tsohon fetur ɗin da ya kwana a tanki tun ranar da injin ya tsaya, shi ma a zubar da shi.

Game da baƙin mai, littafin da ya zo da babur ɗin shi ne alƙali, amma ga yadda lissafin yake. Idan injinka na cakuɗa mai da fetur ne a tanki, ma'aunin 50:1 yana nufin mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur, 40:1 mililita 25, 25:1 kuma mililita 40. Kamfanin Yamaha, alal misali, ya umurci masu babur ɗinsa na SuperJet mai bugu biyu da su yi amfani da 25:1 a lokacin horo, sannan su koma 50:1 bayan an gama. Idan kuma naka mai famfon mai ne, abin da aka saba yi shi ne a bar famfon yana aikinsa, a kuma zuba mai a cikin fetur ɗin da aka fara cika tanki da shi a ma'aunin 50:1, domin ko da famfon yana da sauran iska a ciki, boris da fistin ba za su yi tafiya a bushe ba. Ka kula da nau'in man ma. Yamaha da Kawasaki sun yarda da mai mai alamar TC-W3, amma injinan Rotax masu bugu biyu da ke cikin baburan ruwa na Sea-Doo an hana sa musu shi, mai mai alamar API-TC suke bukata. Kada kuma ka wuce ma'auni da tunanin cewa yawan mai alheri ne, domin man da ya yi yawa yana rage adadin fetur ɗin da ke bi ta ƙofar kafireta, ga kashe fulogi.

Tayarwar farko za ka iya yin ta a kan tirela da tiyon ruwa, amma ta 'yan mintuna kaɗan, don ka saurari ƙarar injin ka duba yoyo. A nan akwai tsarin da ba a saɓa masa: inji ake fara tayarwa sannan a buɗe ruwa, ruwa ake fara rufewa sannan a kashe inji. Idan ka juya tsarin, ruwa zai cika salansa ya koma cikin silinda. Ka bar injin ya yi ɗumi har ka ji kan silindar ya yi zafi a tafin hannunka, ka kashe shi, ka bar shi ya huce sarai, sannan ka maimaita sau biyu ko uku. Bayan haka a sake bin kusoshin kan silinda da sifana mai ma'auni, bisa adadi da jerin da littafin ya nuna, domin sabon gaskit yakan kwanta bayan ya sha zafi.

Sauran aikin a kan ruwa ake yin sa. Ka sa rigar ceto, ka ɗaura igiyar kashe inji a hannunka, ka tsaya kusa da gaɓa, kuma kada ka ɗauki kowa ko ka ja wani abu. Ka ba injin minti biyar yana tafiya a hankali har ya ɗumama, kana duban ƙaramar ƙofar da ruwan sanyaya inji yake fitowa, domin idan ruwan ya ɗauke ko ya koma tururi, kashewa za ka yi nan take. A rabin awar farko kada ka wuce rabin totur, kuma kada ka tsaya a gudu ɗaya: ka ƙara wuta har babur ɗin ya taso saman ruwa, ka sassauta, ka sake ƙarawa. Daga nan har tankin farko ya ƙare ka tsaya a ƙasa da kashi uku cikin huɗu. A tanki na biyu kana iya murɗewa gaba ɗaya na daƙiƙa biyu ko uku ka saki, domin wannan gajeren matsin yana taimaka wa ringi. Littattafan Sea-Doo sun ƙayyade awa 10 kafin a riƙe cikakken gudu na dogon lokaci, kuma ina ganin adadi ne mai kyau ga kowane haɗi idan ba ka da littafin naka a hannu.

Tambaya: Malam, na yi awa biyu da sabon haɗina, hayaƙi ya yi yawa, fulogi kuma sun yi baƙi sun jiƙe. Aikin ne bai yi kyau ba?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Man da aka shafa wa sassan lokacin haɗawa da ƙarin da ka zuba a tanki dole su ƙone, kuma tafiya a hankali tana ƙara baƙanta fulogi. Ka riƙa fita da sababbi a ajiye. Idan ka koma ma'aunin mai na yau da kullum, farin tangaran da ke bakin fulogi ya kamata ya koma ruwan ƙasa mai haske. Launin da zai sa ka tsaya shi ne fari fat ko toka toka, musamman idan ka ga ƙananan ɗigon ƙarfe masu ƙyalli a jikinsa, domin wannan yana nuna fetur ya yi ƙaranci, zafi ya yi yawa, fistin ya fara narkewa. Haka nan idan fulogi ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa sosai, ko ka ga ɗigon ruwa a kansa, ko injin ya riƙa ƙara wuta da kansa ba ka taɓa totur ba, to ka daina hawa har a duba kafireta da gaskit da sil.

Tambaya: Ta yaya zan san cewa ringin sun zauna?

Amsa: Da ma'aunin matsin silinda za ka sani. Ka auna kafin ka fara, ka rubuta, sannan ka sake aunawa da ma'aunin guda bayan awa biyar da kuma bayan awa goma, totur a buɗe gaba ɗaya, batir a cike, wayoyin fulogi kuma an haɗa su da jikin inji don kada tartsatsi ya tashi. Adadin yakan ɗan hau sannan ya tsaya wuri ɗaya, kuma bambancin da ke tsakanin silinda da silinda bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Idan ɗaya tana sauka maimakon hawa, a cire kan silindar a duba bangon kafin ka sake shiga ruwa.