Tambaya da Amsa: Kullum ni ake fara cinyewa a Age of Empires

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Abokaina ne suka ja ni cikin Age of Empires II, gem ɗin nan na gina gari da yaƙi, muna bugawa tare ta intanet, amma wallahi kullum ni ake fara gamawa da shi, ina cikin gine-gine sai kawai in ga dawakan wani sun shigo sun tarwatsa min gari. Hannuna ne ba sauri ko gem ɗin ne ba nawa ba? Ni fa nishaɗi nake nema ba gasa ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, gem ɗin nan tun 1999 ake buga shi, an sake gyara shi a 2019, wasu da kake karawa da su sun fi shekara goma a ciki. Kuma batun saurin hannu ka ajiye shi gefe tukuna, ba nan matsalar take ba.

Je ka buɗe rikodin wasanka na ƙarshe, kar ka kalli yaƙin, ka zuba ido kan tawun senta ɗinka, babban ginin nan da ke fitar da ma'aikata. Na san abin da za ka gani, yana zaune shiru kai kana can kana gyara layin gidaje su yi kyau. Ma'aikaci ɗaya abinci 50 ne kuma daƙiƙa 25 yake ɗauka kafin ya fito, kaga in ka bar ginin nan minti biyar ba aiki ka yi asarar mutum 12 kenan, su kuwa mutum 12 ɗin nan su ne za su saro itace su haƙo zinaren da ake sayen soja da shi. Abokinka bai fi ka iya yaƙi ba, ya fi ka ma'aikata ne kawai. Ka sa mutum shida a kan tumaki tun farko, abincinsu ya isa ya riƙe ginin yana fitar da mutane ba tsayawa. Gida kuma itace 25 ne yana ɗaukar mutum biyar, ka gina shi KAFIN ka cika, ba sai gem ya fara maka ƙorafi ba.

Sai tara dukiya, wannan kam ciwon duk sabon shiga ne, ni ma na yi. Mutum ya tara itace dubu biyu yana jin daɗi, toh itacen ne zai tare maka doki? Kashe shi, ƙara bariki, ƙara gonaki.

Dawakan da ke damunka maganinsu masu mashi ne, ga araha ba sa cin zinare ko kaɗan. Ka ajiye ƴan kaɗan kusa da masu saran itace, kuma ka riƙa tura ɗan leƙen asirin dokin da ake ba ka a farko ya gano me maƙwabci ke haɗawa.

Ƙabila ɗaya za ka zaɓa ka zauna a kanta, Franks suna da sauƙi. Maɓallai biyu sun ishe ka yanzu, H ya kai ka tawun senta, ɗigo kuma ya nemo maka ma'aikacin da ke zaman banza. Akwai darussan Art of War a cikin gem ɗin, yi na farko-farkon.

Tunda nishaɗi kuke, ka ce wa abokan nan naka ku haɗa kai ku yaƙi kwamfuta, ko ku zaɓi taswirar Arena inda kowa ke farawa cikin ganuwar dutse, za ka samu sararin numfashi. In an ci ka kuma ka rubuta gg (wato "good game", wasa ya yi kyau) kafin ka fita, haka ake yi.