Amsoshin Tambayoyinku: Ɗinkin Kamfai da Shimi a Gida

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato ɗinka kayan ciki na mata a gida da takardar yanka, irin zanen nan da ake saukewa daga intanet a buga a takarda, a ɗora a kan yadi a bi gefensa da almakashi. Na sakaya sunaye kamar yadda masu tambayar suka roƙa.

Tambaya, daga wata budurwa a wani ƙauye kusa da Gujungu: Anti, bara na gama koyon ɗinki. Na ga takardun yankan kamfai a waya, wasu kyauta, wasu da dala ake saye. Wanne zan ɗauka? Kuma garinmu babu mai firintin, sai na je Ringim, ga shi ina jin nauyin miƙa wa namiji irin wannan zane.

Amsa: Ƙanwata, kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Kamfai yanki uku ne kacal: gaba, baya, da ƙyallen tsakiya wanda ake yankawa biyu. Na kyauta ya ishe ki koyo, matuƙar yana da abu biyu. Na farko jadawalin awo, mai nuna inci nawa ne ƙugu da zagayen mazaunai a kowace lamba. Na biyu ɗan murabba'in gwaji da ake zanawa a shafin farko, a rubuta girmansa a ciki, inci 1 ko inci 2 ko santimita 5. Duk takardar da ba ta da waɗannan ki wuce ta, ko da hotonta ya burge ki.

Wannan murabba'i shi ne ran aikin, don haka bari in tsaya a kansa. Takardar da muke da ita a Najeriya A4 ce, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Ta Amurka kuwa faɗinta 216, tsawonta 279. Idan mai zanen ba'amurkiya ce, ta tsara shi a kan takardarsu, kwamfuta kan matse shi da kanta don ya shiga tamu, kuma yaron shagon ba zai lura ba, tunda a wurinsa takarda ta fito tas. A ce ta rage kashi 5 cikin 100 kawai. Mace mai zagayen inci 40 ta yi asarar inci 2 ke nan, kamfan zai matse ta, ke kuma ki zargi hannunki alhali laifin daga shago ya taso. Saboda haka ki nemi fayil ɗin da aka rubuta A4 a jikinsa. Ki tafi da tef ɗinki a jaka. Ki ce masa ya buga a asalin girma, 100 cif, kada ya bar na'urar ta daidaita shi da shafi. Shafin farko kaɗai zai fara fitarwa, ki auna murabba'in nan a gabansa. In ya cika, ya buga sauran. In bai cika ba, kuɗin shafi ɗaya kika rasa.

Batun jin nauyi kuwa, na fahimce ki, kunya ado ce. Amma abin da zai gani layuka ne masu lanƙwasa da lambobi, ba hoton mutum ba. Shafukan bayani masu hotuna ki bar su a wayarki ki karanta a gida, ki gaya masa lambobin shafukan zanen kawai. In har yanzu da nauyi, ki aiki ƙaninki da tef da wannan bayani a rubuce.

Da kin dawo, ki haɗa shafukan da selotef bisa alamomin da ke gefensu. Kada ki zaɓi lamba don kin saba jin ana cewa ke 12 ce. Lamba 12 ta Ingila kusan 8 ce a Amurka. Ki auna jiki, ki duba jadawali. Idan ƙugu ya faɗa wata lamba mazaunai suka faɗa wata, ki bi ta mazaunai, roba za ta tattare ƙugun. Ki kuma karanta ko an haɗa alawus ɗin ɗinki a cikin zanen. Yawanci a kayan ciki kwatan inci ne ko santimita 1, ba rabin inci ko inci guda da muka saba bari a riga ba. Daga nan ki kwafe kowace lamba a kan kwalin taliya ko bayan tsohuwar kalanda, ki rubuta lambar a jiki, ki huda ki rataye a ƙusa. Zuwa Ringim sau ɗaya ya wadatar.

Tambaya, daga wata uwargida a karkarar Wudil: Keken ƙafa Butterfly gare ni. Na ɗinka kamfai biyu da yadi mai talewa, ana sawa zaren ya tsinke ɓas ɓas. An ce sai keke mai zigzag, wato mai ɗinkin hagu da dama. Ina tunanin sayar da akuyata ranar Juma'a in saya. Me kika gani?

Amsa: Uwargida, ki bar akuyarki a turke. Gaskiya ne baƙin keken nan miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, shi kuma miƙaƙƙen ɗinki ba ya talewa, sai yadi ya miƙe zare ya ƙi binsa ya tsinke. Amma akwai hanyoyi kafin a kai ga sayar da dabba.

Ki fara da allura. Lamba 14 ko 16 da muke ɗinka atamfa da shadda da ita tana da tsini, tana yanke zaren yadi mai talewa, shi ya sa za ki ga ƙananan huji a bakin ɗinki, ko keken ya riƙa tsallake. Akwai allura mai dunƙulallen baki da aka yi don irin wannan yadi, lamba 11 ko 12, tana ratsawa tsakanin zaruruwa ba tare da ta yanke su ba, kuma tana shiga kekenki. Ki sa a tambayo miki wurin masu kayan ɗinki a Kano. Zare kuma ki yi amfani da na foliyesta, ya fi na auduga juriyar ja. Ki ɗan tsawaita ɗinkin, ki riƙe yadin gaba da baya kina ɗan tale shi yayin da yake wucewa. In kin sake shi ɗinkin zai tattaru, ya sami sararin miƙewa a jiki. Idan haƙoran keken suna haɗiye bakin yadi, ki shimfiɗa 'yar takarda a ƙasa ki ɗinke tare, daga baya ki yage ta.

Roba ita ce inda aka fi shan wahala. Hanya mafi sauƙi a kekenki ita ce ki yi mata ƙubaka kamar ta wando, ki zura ta da fil. A ƙugu wannan ba shi da matsala. A cinya ki nemi siririyar roba mai laushi don kada ƙubakar ta yi kauri ta goge fata. In kuma ɗorawa za ki yi kai tsaye, ki yanke robar ta gaza bakin ƙugun ko na cinyar da kamar kashi ɗaya cikin goma, ki raba ta huɗu ki raba bakin huɗu, ki haɗa alamomin da fil, sannan ki tale robar har ta yi daidai da yadi kina ɗinkawa. Robar za ki ja, ba yadin ba.

Akwai kuma hanyar da ni na fi so ga mai irin kekenki: ki nemi takardar yanka ta gajeren wandon ciki mai ɗan sakewa, wanda aka zana don yadin da ba ya talewa. Boyel na auduga ko atamfar da ta sha wanki ta yi laushi sun isa. A zafin Afrilu da Mayu mata da yawa sun fi jin daɗinsa a kan matsattsen kamfai na leda. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada ki ɗauki zanen da aka yi don yadi mai talewa ki yanka atamfa da shi, in an zo sawa ba zai wuce gwiwa ba. Ranar da ciniki ya kankama har kekenki ya kasa, ribar aikin ce za ta sayi mai zigzag. Ko a lokacin ki tuna yawancinsu da wuta suke aiki, ki tambayi mai gyaran keke game da kan keke mai zigzag da ke hawa teburin ƙafa.

Tambaya, daga wani magidanci a yankin Dambatta: Iyalina ta ba ni saƙon yadin kayan ciki da roba idan na shiga Kantin Kwari. Ban san komai a kai ba, kuma ba na son in kawo abin da za a ajiye.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara danƙon zumunci a gidan. Ka ce a ba ka yadin auduga mai talewa, irin na rigar tishat. Wanda ya fi dacewa shi ne mai auduga kusan kashi 95 da ɗan zaren roba kusan kashi 5. Tunda ba kowane bandir ke da rubutu ba, ga gwajin da za ka yi a tsaye. Ka kama inci 4 na yadin ta faɗinsa ka ja. Idan ya kai inci 6 ba tare da ka yi kokawa da shi ba, ya yi, don galibin zanen kamfai haka suke bukata. Sannan ka sake shi. In ya koma yadda yake, ka saya. In ya tsaya a saki, bayan wanki kaɗan zai zama tsumma. Ka guji mai sheƙi da santsi, yana riƙe gumi, kuma gumi da rashin iska suna jawo ƙaiƙayi. Ko da wane yadi aka yi jikin, ƙyallen tsakiya ya zama auduga zalla, fari ya fi, saboda wani rinin yana zuba.

Ita ma roba ka ja ta ka sake, ka shafa ta a bayan hannunka ka ji ko tana kartar fata. Wadda ta daɗe a rana a kan tebur takan yi ƙaras ƙaras in an ja ta, ta riga ta mutu. A nan ne araha ba ta ado. Kada ka sayi da yawa a karon farko, yadi ɗaya yana fitar da kamfai da dama.

Don koyo, manyan rigunan tishat na gwanjo daga Ƙofar Wambai, ko daga kasuwarku ta Lahadi, sun fi sabon yadi sauƙi, a wanke su da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana. Rigar da za a yanka nake nufi. Kamfan gwanjo da wata ta riga ta sa ba na ba kowa shawarar saye. Ka gaya wa maiɗakinka ta wanke sabon yadin ma kafin ta yanka, domin auduga tana shiga a wankin farko, kuma ta sa ɓangaren da ya fi talewa ya zagaya jiki.

Tambaya, daga wata mai jego kusa da Shuwarin: Zan iya ɗinka rigar nono da irin wannan takarda?

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Mai ƙarfe a ƙasa da soso ki bar ta tukuna. Yankanta ƙanana ne masu yawa, kuskuren kwatan inci yana ɓata zamanta, kuma ƙarfen da maɗaurin baya da zobban hannu sai an nemo su a birni. Ki saya kawai. Abin da za ki iya, kuma ya fi amfanar mai shayarwa, shi ne mara ƙarfe mai haɗewa a gaba ɗaya bisa ɗaya, da faffaɗar roba a ƙasa, ko shimi mai ninki biyu a ƙirji.

Tambaya, daga wata mai ɗinki a cikin gida a ƙasar Gwaram: In na iya, zai yi ciniki kuwa? Na kasuwar Sara na kamfani ne, ga araha.

Amsa: 'Yar'uwa, idan ƙananan lambobi za ki yi ki kai kasuwa ki jera kusa da na dozin, ba za ki ci riba ba, injin kamfani ya fi ki sauri. Kasuwarki tana wurin matan da na kasuwa ba ya yi musu: masu jiki waɗanda ba a samun lambarsu, masu ciki da ke son ƙugu ya sauka ƙasan ciki, waɗanda aka yi wa aiki wajen haihuwa suna son roba ta hau sama da wurin ɗinkin, da dattawan da ba za su iya aiken yaro ya sayo musu ba. Waɗannan za su shigo ɗakinki ki auna su a asirce, kuma in ya yi musu daidai su ne za su kawo miki wasu. Lokacin haɗa lefe ma ki sanar da dillaliyar unguwarku.

Kafin ki yanka farashi, ki ɗinka yadi ɗaya gaba ɗaya, ki ƙirga nawa ya fitar, ki raba kuɗin yadi da roba da zare da na mota a kansu, sannan ki ɗora ladan hannunki. Ki riƙa sabunta lissafin duk sanda aka yi sabon sari, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Sai batun amana. Masu zana waɗannan takardu da yawa suna rubuta cewa don amfanin kai suka bayar, ba don sayarwa ba, wasu kuma sun yarda a sayar da abin da aka ɗinka amma ba takardar kanta ba. Ki sa a karanta miki wannan sharaɗi. Idan an hana, ki farke sabon kamfan da ya zauna miki daidai, ki goge yankunan, ki kwafe su a kwali, ki riƙa ƙara faɗi a gefe da gefe kina fitar da manyan lambobi. Kowace lamba ki ɗinka guda ɗaya a gwada a jiki kafin ki yanka sauran yadin.