Tsohuwar kyamarar Baba: dukiya ce ko tarkace?

Assalamu alaikum. Wannan mako mun ɗan jingine maganar waya da kwamfuta, domin tun da labari ya bazu cewa tsofaffin kyamarori masu cin fim sun yi daraja, saƙonni suke ta shigowa daga Katsina da Daura. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya daga Ƙofar Marusa, Katsina: "Malam, mahaifinmu mai hoto ne, Allah ya yi mashi rasuwa. Cikin kayansa mun tarar da wata baƙar kyamara mai ido biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an rubuta Yashica Mat-124G a goshinta. Wani ya ce mani a Turai ana sayen irinta miliyoyi, wani kuma ya taya ta kuɗin da ko cefane ba su kai ba. Wa ke da gaskiya?"

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin maganar kuɗi, ƙanena, kada ka buɗe bayan kyamarar nan sai ka tabbatar babu fim a ciki. Duba 'yar tagar da ke ƙirga hotuna a gefen hannun murzawa. In ka ga lamba tsakanin 1 da 12, akwai yiwuwar fim na nan, kuma da zarar haske ya taɓa shi, aikin ƙarshe da Baba ya ɗauka ya tafi ke nan.

Su biyun da suka yi maka magana kuwa, babu wanda ya faɗi daidai. Zancen miliyoyi yana da tushe. A watan Yunin 2022 an yi gwanjon wata kyamarar Leica a garin Wetzlar na Jamus, aka saye ta Yuro miliyan 14.4. Amma wannan tana cikin 'yan ƙalilan da aka ƙera na gwaji a 1923, kuma ta Oskar Barnack ce, mutumin da ya ƙirƙiro Leica ɗin kanta. Masu tara kayan tarihi abu huɗu suke bi: ƙarancin abin, hannun da ya riƙe shi, lafiyarsa, da cikar kayansa, wato jaka, marfin ido da takardar bayani. Taku an ƙera ta a Japan daga 1970 zuwa 1986, kuma an yi ta da yawan gaske. In tana aiki, gilashinta garau, farashinta a kasuwar waje 'yan ɗaruruwan dala ne. Kuɗi ne masu auki, amma ba na sayen fili a GRA ba. In kana son gani da idonka, shiga eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, rubuta sunanta, ka tace sakamakon ya nuna waɗanda aka riga aka sayar kaɗai. Abin da mai kaya ya sa suna daban, abin da aka biya daban.

Ido biyun nan kowanne da aikinsa. Na sama na leƙe ne: haske ya shiga, madubi ya cilla shi sama zuwa wani gilashi, mai hoto ya rataye kyamarar a ƙirji ya sunkuya yana kallo, dama ta koma hagu. Na ƙasa shi ke ɗaukar hoton. Salon kyamarar Rolleiflex ne da Jamusawa suka fito da ita a 1929. Taku tana cin fim mai lamba 120, hoto 12 a kowane naɗi, kowane nagetif kusan santimita 6 tsawo da faɗi. Girman nan ne ya sa tsofaffin hotunan situdiyo ake ganin zaren aikin babbar riga ɗaya bayan ɗaya. Kuma da yake mai hoto ƙasa yake kallo, ba ya tsare mutum da ido, amarya mai kunya ma takan saki fuska.

Kashedi ɗaya da ya shafi wannan samfurin musamman: akwai ɗan makunni na filasha mai alamar M da X. Bar shi a kan X. In yana kan M ka ja sandar jinkiri da mutum ke ɗaukar kansa hoto da ita, injin cikin yana iya cijewa, kuma mai gyaransa wuyar samu gare shi. Kada a ɗiga mata man keken ɗinki, kada a goge gilashin da gefen riga. Sannan kayan gado ce, sai da sanin sauran magada. In shawarata za ku bi, ku yi mata kuɗi tsakaninku, ɗayanku ya saye ta ta zauna a gida.

Tambaya daga wani ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa: "Malam, wayata tana ɗaukar hoto mai kyau nan take, kyauta. Wace fasaha ce a cikin waɗannan tsofaffin akwatuna har ake rububinsu?"

Ɗana, kusan duk dabarar da ke cikin kyamarar wayarka a cikin akwatunan nan aka haife ta. A 1888 George Eastman ya fitar da Kodak ta farko a Amurka, da fim na hoto 100 a cikinta. In ka cinye, sai ka aika kyamarar ɗungurungum zuwa kamfani, a wanke, a sake loda mata fim a dawo maka da ita. A 1900 ya fito da Brownie a kan dala ɗaya, hoto ya shiga hannun talaka. Shahararren mai hoton Nijeriya J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya tattara hotunan kitson mata kusan dubu, da Brownie ya fara a 1950.

Barnack shi ne ya ɗauko fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, ya kwantar da shi, ya yanka filin hoto milimita 24 da 36. Leica ta shiga kasuwa a 1925, kuma har gobe manyan kyamarorin zamani masu tsada wannan awon nasa suke bi. Daga nan Japanawa suka karɓi ragama. Nikon F ta 1959 ta zama abokiyar 'yan jarida saboda juriya. Pentax Spotmatic ta 1964 ta yaɗa dabarar auna haske ta cikin idon kyamarar kansa. Canon AE-1 ta 1976 ta zo da 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikinta, Konica kuma a 1977 ta sa wa kasuwa kyamarar da ke saita nisa da kanta. Ita ma kyamarar dijital, wani injiniyan Kodak ne mai suna Steven Sasson ya haɗa ta farko a 1975, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kan kaset. Kamfanin ya ji tsoron kashe cinikin fim ɗinsa, ya yi sanyin jiki, a 2012 ya kai ga neman kariyar kotu saboda karayar arziki.

Wadda ta fi burge ni duk cikinsu 'yar ƙarama ce, Olympus Trip 35 ta 1967. Babu batir ko ɗaya. Zoben da ya kewaye idonta yana mayar da hasken rana lantarki, wannan 'yar wutar ta motsa allura, allurar ta zaɓi yawan hasken da zai shiga. In wuri ya yi duhu, sai wata 'yar jar alama ta ɗago a wurin leƙe, maɓallin ya ƙi dannuwa, don kada ka yi asarar fim. Mutum ya zauna ya tsara wannan da ƙarfe da waya zalla, kuma bayan shekara 50 da ɗoriya da yawansu na nan suna aiki. Wayarka kuwa, cikin 'yan shekaru kamfani zai daina aiko mata sabuntawa, batir ya kumbura. Abin da ke jan mutane ke nan: na'urar da ake buɗewa a gane yadda take, a gyara, a bar wa na baya. Ga kuma natsuwar da hoto 36 kacal a naɗin fim mai milimita 35 ke tilasta wa mai ɗauka. Kasuwar ta farfaɗo har Pentax ta fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024.

Tambaya daga Sabuwar Unguwa, Katsina: "Na sayi Canon AE-1 wurin 'yan gwanjo, ina so in ɗauki Hawan Sallah da ita, amma maɓallin ba ya dannuwa. Sun cuce ni ne?"

Malam, da wuya. AE-1 ba ta motsi ko kaɗan sai da batir. A gabanta, gefen ido, akwai 'yar ƙofa, nan ake sa batir 4LR44 mai bolt 6. In ka rasa shi, jera ƙananan LR44 guda huɗu irin na kalkuleta, ka naɗe su da salatif, ka cike giɓin da ɗan dunƙulen takardar alminiyom. Da Pentax K1000 ce ko Zenit-E ta Rasha, da ba ka sha wannan ba, su injinsu ba ya buƙatar batir.

Bayan batir, buɗe bayanta ka duba soson da ke bakin ƙofar. Zafinmu yana narkar da shi ya koma baƙin danƙo, haske ya riƙa satar shiga yana yi wa hoto jan zane. Ana kankare shi da tsinken sakace da ɗan sifirit, a liƙa sabo. Cire idon ka haska fitilar waya ta cikinsa: 'yar ƙura ba komai, amma in ka ga farin abu mai rassa, fumfuna ce, kuma ta fi yawa a kayan da suka daɗe a ɗanshin kudu. Mu nan ƙurar hunturu da zafin bazara ne abokan gaba. Kada ka canza ido a fili lokacin hazo, kada ka bar kyamara ko fim cikin mota a rana.

Ranar hawa, in ma'aunin haskenta ya ba ka shakka, akwai tsohuwar ƙa'ida: rana tsaka, ƙofar haske (lambobin da ke zoben idon kyamara) a 16, gudun labule (lambobin da ke mamurɗin saman kyamara) kusa da lambar ISO da ke jikin kwalin fim ɗin. Fim mai lamba 200 ke nan a sa 250. Don dawakai masu sukuwa a Ƙofar Soro, ɗaga gudun zuwa 500, ka buɗe ƙofar zuwa 11. Amma tun kafin ka sayi fim, fara nemo wanda zai wanke maka, domin masu wannan sana'a sun yi ƙaranci ƙwarai. In kai za ka koya, fim mai launi yana son ruwa mai ɗumin digiri 38, na baƙi da fari kuma digiri 20, wanda a watan Afrilu sai ka haɗa da ƙanƙara.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Daura: "Ina da kwali cike da nagetif na bikin aurena da na hawan Sallar Gani tun shekarun 1980. Hotunan sun ɓace a ƙaura. Yara sun ce in zubar. Ana iya mayar da su cikin waya?"

Hajiya, don Allah kada a zubar. Kwalin nan ya fi kowace kyamara da muka ambata a sama daraja, domin nagetif shi ne asali, hoton takarda kwafinsa ne kawai. Kuma ana iyawa, a gida ma.

Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya samo waya biyu. Ta farko a buɗe mata farin shafi, a ƙure haskenta, a kwantar da ita a ɗaki mai duhu. Kada a ɗora nagetif kai tsaye a kan gilashinta, ɗigo-ɗigon fuskar wayar za su fito a hoton. A yanka taga a jikin kwali daidai girman hoto ɗaya, a ɗaga shi kamar tsawon yatsa da littattafai ta gefe biyu, a shimfiɗa nagetif ɗin a kan tagar, ɓangare mai sheƙi yana kallon sama. Waya ta biyu a jingina ta a kan wani abu don kada hannu ya yi rawa, a kashe filasha, a ɗauka. Za a ga fuskoki baƙi, rawani baƙi, komai a juye. Manhaja irin su FilmBox tana juya shi da kanta, ko a yi da hannu a Snapseed ta hanyar kifar da layin haske da ke sashen Curves. Mai launi zai fito da shuɗi-shuɗi saboda ruwan goron da ke jikin fim ɗin, sai a gyara farin hoton a kan wata farar riga da ke ciki. Wannan ya isa a gane kowa a tura wa dangi. Waɗanda ake son bugawa babba a sa a bango, a ware su a kai wa mai sikana ta fim.

A riƙa kama nagetif ta gefe, a hure ƙura da 'yar robar hura iska, ban da ruwa ko tsumma. Wanda ya manne da ɗan'uwansa kada a ɓamɓare da ƙarfi. Duk wanda aka ji yana tsami ya fara lalacewa, a fara ɗaukar hotonsa, a raba shi da sauran. A cire su daga leda a sa cikin ambulan na takarda, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da rufin kwano.

Wurin turawa ta WhatsApp, a aika a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton ya rage kyau. A ajiye kwafi a Google Photos da kuma filas. Sannan, Hajiya, ki zauna kusa da yaron yana aiki, duk hoton da ya fito ki faɗa mashi su waye a ciki, wace shekara, wace unguwa, ya rubuta a sunan fayil ɗin da bayan ambulan.