Dattijuwar da ke jikin dala 20

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ɗana ya zo hutu daga Ostareliya, ya nuna mini takardar dala 20 ta can mai hoton wata dattijuwa da tabarau. Wai a fursuna aka kai ta ƙasar. Da gaske ne?
Wata uwa daga Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaronki bai faɗi ƙarya ba. Sunanta Mary Reibey. Tana ƙaramar yarinya aka kama ta da laifin satar doki a Ingila, aka yanke mata shekara 7, jirgi ya sauke ta Sidni a 1792. Da mijinta ya rasu a 1811 ya bar ta da 'ya'ya 7, ita ta riƙe kasuwancin har ta yi dukiya.

Sai dai Hajiya, tsakanin 1788 da 1868 mata wajen 25,000 Ingila ta kwasa zuwa can, kuma kaɗan ne suka ga irin wannan rana. Yawancinsu talakawa ne, 'yan aikatau, laifinsu satar tufa ko 'yan kuɗi. Duk sanda na ratsa kasuwar Kejetia na ga 'yan matan nan 'yan kayayo masu dako da tasa a ka, su nake tunawa, don yawancin waɗancan ma ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

Suna sauka ake raba su gidajen Turawa aikin bauta. Wadda ta yi gardama a mayar da ita gidan horo, irin na Cascades da aka buɗe a garin Hobat na Ostareliya a 1828: wanki tun asuba cikin sanyi, a aske mata kai ƙwal don a wulaƙanta ta.

Abin da ya fi ci mini rai maganar goyo ce. Mace ta yi ciki a gidan da aka tura ta, ita za a hukunta. Ta haihu, ta shayar 'yan watanni, a yaye jaririn da ƙarfi, ita kuma a ƙara mata wata 6 na aikin wahala. Jarirai da yawa gudawa ta kashe su a ɗakin renon, uwa tana bayan katanga tana wanki.

Ko wa'adi ya cika, ina kuɗin jirgin komawa? Mu a Kumasi mun san zafin wannan. Turawan nan suka kai Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu da ta yaƙe su, tsibirin Seshel a 1901, can ta rasu a 1921 ba ta sake taka Ejisu ba.