Hukuncin sanya wa yara wasan GTA a shagon haya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina da ɗan shago a Sabon Gari nan Damagaram, da PlayStation uku, yara na biyan dala ashirin su yi wasa. Mafi yawan cinikina daga GTA yake fitowa, wasan bidiyon da ake satar mota da kisa a cikinsa. Wani dattijon unguwa ya ce haram nake ci. Ni kuwa a ganina hoto ne kawai, babu ran da ya salwanta. Mene ne hukuncin sana'ata?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya.

Ban so in yi hukunci a kan abin da ban gani ba, shi ya sa na sa ɗan ƙanena ya kai ni wani shago irin naka bayan La'asar. Na tarar da yaro da bai wuce shekara goma sha ɗaya ba, jakar lakwal a bayansa. Ina tsaye ya fizgo wani mutum daga mota, ya take masu tafiya a gefen titi, sai ya waiwayo da murna ya ce, "Malam, tauraro huɗu gare ni!" Aka bayyana mini cewa taurarin nan ma'aunin yadda 'yan sanda ke nemansa ne. Har aka kira Magariba babu wanda ya motsa.

Na kuma ga abin da ke jan su, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin Rockstar Games ya gina gari sukutum, Los Santos, a kan fasalin Los Anjeles ta Amurka, da teku da duwatsu da filin jirgi. Yaron da iyakar tafiyarsa Mirriya, ga shi yana tuƙa jirgin sama, ya je inda ya ga dama, ba mai tsawata masa. Wanda ya raina wannan daɗin bai san ƙuruciya ba.

Asalin wasa halal ne. Manzon Allah (SAW) ya bar Habashawa sun yi wasa da māsu a masallaci, Nana A'isha tana kallo, ya kuma yi tsere da ita. Gaskiya ne a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, an hana wasan nardu (mai jefa ƙwaya kamar lido) da shaɗranji (wato chess), kuma Imamu Malik ya ce babu alheri a shaɗranji. Amma malamai sun bi diddigin dalilin hanin, suka same shi a caca, da gaba tsakanin 'yan'uwa, da shagala daga salla, abubuwan da aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta lissafa. Da su muke auna kowane sabon wasa.

A nan kana da gaskiya ɗaya: kisan cikin allo ba kisa ba ne, babu ƙisasi, babu diyya, babu kaffara. Sai dai ba nan matsalar take ba. Wannan wasa, tun fitowarsa a 1997, a kan aikata laifi aka ɗora shi, sunansa ma, Grand Theft Auto, laifin satar mota yake nufi. Ba a ci gaba a labarinsa sai an yi fashi, an yi kisan haya, an yi hulɗa da dillalan ƙwaya, kuma laifuffuka da yawa da ladansu na kuɗi. Abin da Alƙur'ani ya kira yaƙi da Allah da ManzonSa a Ma'ida aya ta 33, shi ne yaro ke maimaitawa da yatsunsa kullum yana jin shi gwani ne. Ban ce duk wanda ya buga zai zama ɗan fashi ba. Amma mu da muka ga abin da 'yan pale, wato ƙungiyoyin 'yan daba, suka yi wa samarin garin nan, adda a hannu, ba mu ne za mu yi sakaci da abin da ke cire wa yaro ƙyamar ta'asa ba. Toshe ƙofar ɓarna ginshiƙi ne a mazhabarmu.

Sannan akwai abin da ba a cewa "hoto ne kawai". GTA V, wanda ya fito a 2013, yana da gidan rawar tsiraici da karuwai a titi. Idon da ke kallo na gaske ne, kuma umarnin runtse ido a Suratun Nur aya ta 30 bai ware allo ba. Su kansu Turawa a ƙasashen Turai sun buga wa wasan lambar shekara 18. Ɗana, abin da masu shi suka ce bai dace da yaro ba, ta yaya za a miƙa wa ɗan Musulmi a dala ashirin?

Saboda haka, sanya wa yara wannan wasa bai halatta ba, kuma kuɗin da aka karɓa a kansa ba su da tsarki, domin sharaɗin haya shi ne amfanin da ake biya dominsa ya zama halal. Babba ma ina hana shi, tunda ba a raba wasan da tsiraicinsa da fashinsa. Amma dattijon ya faɗaɗa magana in yana nufin sana'ar duka. Wasan ƙwallo da tseren mota halal ne, cinikinsu halal ne, muddin ba a sa kuɗi tsakanin masu wasa, ko "wanda aka ci shi zai biya", don wannan caca ce ko da dala ɗaya ce. Ka kashe na'ura da an kira salla, ka sallami mai kayan lakwal a lokacin karatu, kada kuma ka bar yaro ya wuni a gabanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka.

Abin da ka ci a baya cikin rashin sani, ka yi istigfari, ba na ɗora maka mayar da shi. Na san ciniki zai ja baya makonnin farko, wasu yaran za su koma shagon maƙwabci. Ka je ka same shi da wannan amsar ku yi shawara, in ya so ku cire wasan rana ɗaya.

Wallahu a'alam.