Ɗaukar hoton motar tsere da waya

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina ganin hotunan tseren motoci na Amurka a Facebook, wanda motoci biyu ke tashi tare kan miƙaƙƙiyar hanya. Motar ta fito tar, bayanta ya shafe. Ni kuwa ko babur na ɗauka da Tecno ɗina sai ya fito dishi-dishi. Waya zan canza? Daga mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, matsalar ba ta yawan megafiksel ba ce.

Tseren da kake gani galibi tsawonsa kwatan mil ne, mita 402, kuma da yawan motocin na hawa ne masu lamba da fitilu, an dai gyara musu inji. Ƙungiyar NHRA da aka kafa a 1951 ce ta fi shahara da shirya shi. Ana yin sa a fili mai shinge. Wannan ya sa nake roƙon matasanmu kada su mayar da hanyar Damagaram filin gwaji don neman hoto, rai ya fi hoto.

Ga lissafin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In idon kyamara ya buɗe na 1/60 na daƙiƙa, ta riga ta matsa kusan rabin mita, shi ne dishin da kake gani. A 1/1000 kuwa santimita 3 kawai za ta matsa. Shiga kyamara, in wayarka na da sashen Pro, taɓa S, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, ka sa 1/1000. Da ranar Maraɗi haske ba zai gaza maka ba.

Amma hoton da ya burge ka dabararsa daban ce. Ana rage saurin idon kyamara zuwa 1/125 ko 1/60, a bi motar da waya. Kafa ƙafafunka, manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka juya daga ƙugu, ka danna kana cikin juyawa, kuma kada ka tsaya bayan ka danna. Nan mutane ke kuskure, suna dannawa sai hannu ya daskare. Da tsakar rana hoton zai fito fari fat ko ka sauke ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ƙasa, don ramin hasken yawancin wayoyi ba ya tsukewa. Jira bayan La'asar, ko ka maƙala gilashin rage haske da ake kira ND.

Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, lalata shi yake yi. Goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura. Don koyo, je filin sukuwa ka tsaya bayan jama'a ka riƙa bin dawakai. Mafi yawan hotunan farko za su lalace, ka goge su ka ci gaba.