Idan ɗan sanda ya tsayar da kai da dare a Amurka

Assalamu alaikum ƙanena,

Na ga saƙonka, Allah ya sanya albarka a wannan gurbin karatu da ka samu. Ka ce kana son sayen 'yar mota idan ka iso, tunda sai dare za ka riƙa tashi daga makaranta, amma bidiyoyin da kake gani na 'yan sandan Amurka da baƙaƙen fata sun sa gabanka faɗuwa. Kana tambayar yadda mutum zai yi idan aka tsayar da shi cikin dare.

Tsayarwar kam za a yi maka ita wata rana, ka sa wannan a ranka. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun ƙiyasta cewa direbobin da ake tsayarwa a ƙasar nan duk shekara sun haura miliyan 20, kuma tun 1996 Kotun Ƙoli ta ce kowane ƙaramin laifin hanya ya isa dalilin tsayar da mota, ko da fitilar baya ɗaya ce ta mutu. Galibi da gargaɗi ake rabuwa, ko takardar tara. Sai dai tsoronka ba na banza ba ne. A watan Yulin 2016, a jihar Minnesota, an tsayar da Philando Castile da daddare, ya gaya wa ɗan sandan cewa yana da bindiga, wadda yake da izinin riƙewa, kuma cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a kujerarsa. Ba ina cewa laifinsa ba ne, kuma ba ina cewa ladabi na kare kowa daga mugun jami'i ba. Abin da ke hannunka kawai zan gaya maka.

Ka fara da tunanin mutumin da ke tahowa ta bayanka. Bai san ka ba, bai san ɗalibi ne kai ba, ba ya ganin cikin motarka, kuma a ƙasar da bindiga ta yi yawa a hannun jama'a yake aiki. An horar da shi ya zuba wa hannuwa ido kafin fuska. Don haka aikinka a wannan ɗan lokacin shi ne ya gan ka sarai, kuma kada ka yi wani motsi da bai san da zuwansa ba.

Da ka ga fitilu ja da shuɗi a madubi, ka sa sigina ta dama, ka rage gudu, ka sauka gefen hanya. Idan wurin duhu ne ƙirin, ko kwana ce, ko kan gada, babu laifi ka ɗan ƙara gaba zuwa gidan mai ko wani wuri mai haske, muddin ka kunna siginoni biyun nan masu ƙiftawa tare, kana tafiya a hankali don ya san ka gan shi. Kada dai ka ja abin da nisa, sai a ɗauka gudu kake. Idan kuma motar da ke binka ba ta da tambarin 'yan sanda, zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kira 911, lambar kiran gaggawa, ka faɗi inda kake, za su iya tabbatar maka ko jami'insu ne.

Bayan ka tsaya, ka kashe inji, ka kashe rediyo, ka kunna fitilar cikin mota, ka sauke gilas. Idan gilasan baya masu duhu ne, su ma ka sauke su. Sannan ka ɗora hannuwanka biyu a saman sitiyari ka bar su nan. Wannan 'yar fitilar ta ciki, wadda mutane ke mantawa da ita, tana sauke rabin zullumin da jami'in ya taho da shi. Zai haske ka da wata babbar fitila daga motarsa har ka kasa ganin komai a madubi, yana iya ɓullowa ta gefen fasinja, wata motar 'yan sanda ma tana iya ƙaruwa. Duk wannan tsarin aikinsu ne na dare, ba alamar ka shiga uku ba ce.

Inda mutanen kirki suka fi yin kuskure shi ne wajen son nuna haɗin kai. Mutum ya tsaya, sai ya fara laluben lasin a aljihun wando, ya sunkuya ya buɗe akwatin gaban mota yana neman takardar inshora, don kada ya ɓata wa jami'i lokaci. Daga baya kuwa, abin da ake gani inuwar mutum ce tana ɗauko wani abu ko tana ɓoye shi. Ka jira sai ya tambaya. Idan ya tambaya, ka gaya masa da baki inda takardar take, ka nemi izinin ɗaukowa, sannan ka miƙa hannu a hankali. Ka tuna Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, wanda 'yan sandan New York suka yi wa harbi 41 a ƙofar gidansa cikin dare a 1999, alhali walat ce ya zaro. Ba a mota yake ba, amma darasin hannu da aljihu ɗaya ne.

Kada ka fita daga mota, ko da niyyar girmamawa ce. A nan, buɗe ƙofa ka nufi jami'i barazana ce a wurinsa. Amma idan shi ya ce ka fito, to ka fito ba gardama, don Kotun Ƙoli ta ba shi wannan ikon a kan direba tun 1977, ta ƙara da fasinjoji a 1997. Idan da abokai a motar, ka ce musu su yi shiru su bar hannuwansu a fili.

Maganar baki kuma, ka taƙaita. Yana iya tambayar ka ko ka san dalilin da ya sa ya tsayar da kai, ba dole ne ka ƙirƙiro wa kanka laifi ba, kana iya cewa ya gaya maka. Lasin da rajistar mota da inshora dole ne ka nuna, sauran tambayoyi irin daga ina kake, ina za ka, kana da damar yin shiru cikin ladabi. Idan Turancinsa ya yi maka sauri, ka ce ya maimaita, ya fi ka gyaɗa kai ga abin da ba ka ji ba. Idan ya nemi ya bincika motar, kana da 'yancin cewa ba ka amince ba. Idan ya yi duk da haka, kada ka tare shi, ka faɗa sau ɗaya a fili ka koma gefe, lauya zai yi amfani da wannan daga baya. Wayarka ma a ƙa'ida sai da izinin kotu ake buɗe ta, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2014. Na san akwai ciwo mutum ya san yana da gaskiya ya haɗiye, amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma gefen titi da ƙarfe ɗayan dare ba wurin cin shari'a ba ne.

Akwai abubuwan da suka fi shafarka a matsayinka na mai bizar karatu, waɗanda abokanka 'yan ƙasa ba za su damu da su ba. Kada ka taɓa cewa kai ɗan Amurka ne don ka huce tambaya, wannan ƙaryar tana iya rufe maka ƙofar ƙasar har abada. Doka ta ce baƙon da ya kai shekara 18 ya riƙa yawo da shaidar shigowarsa, don haka ka buga takardar I-94 ɗinka, wato shaidar shigowarka ƙasar, ka ajiye tare da kwafin I-20, takardar da makarantarka ke ba ka don bizar karatu. Kada ka nuna kuɗi ko ka yi maganar a sasanta, ko da wasa, ankwa za ka sha a kan laifin ba da cin hanci. Batun tuƙi cikin maye kuma, kamu kawai yana iya sa a soke biza tun kafin a je gaban alƙali, kuma ƙin yarda a gwada numfashinka bayan an kama ka yana jawo dakatar da lasin. Idan har ta kai ga kamu, ka ce kana son lauya, ka nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka, ka tsuke bakinka.

Idan ya miƙo maka takardar tara ya ce ka sa hannu, ka sa. Sa hannun ba amsa laifi ba ne, alkawari ne cewa za ka biya ko ka je kotu, kuma a wasu jihohin ƙin sa hannu ne ke kai mutum ofishin 'yan sanda. Idan kana ganin an zalunce ka, ka riƙe sunansa da lambarsa da lokaci da wurin, ka rubuta su da zarar ka isa gida. Ka jira ya ce kana iya tafiya, ka sa sigina, ka hau titi a nutse. Ranar kotun da ke jikin takardar kuma kada ta wuce ka, don tarar da aka yi watsi da ita tana iya rikiɗewa ta zama sammacin kamu. Dokokin hanya na jihohi ne, ba iri ɗaya ba ne ko'ina, saboda haka ka sauke littafin direbobi na jihar da za ka daga intanet tun kana gida, kyauta ne, da shi kuma za ka yi jarrabawar lasin.

Ka gaida su Baba da Umma. Allah ya kawo ka lafiya.